Shagon da ya sa wa kwamfutar gidanmu SSD a Bauchi: aikinsa, shawarwarinsa da inda ya gaza

A kewayen kasuwar Wunti da ke Bauchi akwai shagunan gyaran kwamfuta da dama, kuma kusan dukkansu a yanzu suna tallar aiki guda, wato cire tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyara suke kira had-dis, a maye gurbinsa da SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta lantarki wadda babu abin da yake juyawa a cikinta. Sauyin kansa ba shi da wuya, domin duk yaron shagon da ya iya riƙe sukundireba zai iya kwance 'yan kusoshi ya zare wancan ya cusa wannan. Inda ake gane gwani shi ne abin da ake dubawa kafin a yi sauyin, da kuma abin da ake gaya wa mai kwamfuta bayan an gama. Da wannan ma'auni na auna ɗaya daga cikin shagunan, wanda na kai wa kwamfutar gidanmu. Ban ambaci sunansa ba saboda zan faɗi inda ya gaza, kuma tambayoyin da suka dace a yi masa su ne suka dace a yi wa kowane shago irinsa a Yelwa, ko Gwallameji, ko cikin gari.

Kwamfutar laftof ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, tana da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) mai gigabait 8 da faifai mai gigabait 500 wanda yake juyawa sau 5,400 a minti guda. Yara suna gwajin jarrabawar JAMB da ita, uwargida tana ajiye lissafin sana'arta a ciki, ni kuma ina rubuta takardun aiki. Ta kai matsayin da idan aka kunna ta sai an jira mintuna kafin a iya buɗe fayil ɗaya.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai shagon, wanda kowa a wurin yake kira Injiniya, bai fara da maganar kuɗi ba. Ya kunna wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda take karanta bayanan lafiyar da kowane faifai yake ajiyewa game da kansa, ya juyo mini fuskar kwamfutar domin in gani da idona. Alamar ta fito rawaya, ma'ana wasu sassan tsohon faifan sun lalace har ya fara kwashe bayanai yana mayar da su wani wuri. Saboda haka ya ce ba zai kwafi faifan gaba ɗaya zuwa sabon ba, domin yin haka zai iya jawo ɓarnar da ke cikin tsohon Windows ta biyo baya. Zai kwashe fayilolinmu tukuna, sannan ya ɗora sabon Windows. Wannan hanya ta fi cin lokaci, amma ita ce daidai ga faifan da ya fara ciwo.

Wajen zaɓen SSD ma bai yi mini tallar abin da ba zai yi mini amfani ba. SSD iri biyu ne a kasuwa: mai mahaɗin SATA, wanda saurinsa yake tsayawa a wajen megabait 550 a daƙiƙa, da kuma NVMe, siriri mai shiga ramin M.2, wanda ko matsakaicinsa yana kaiwa megabait 3,500 a daƙiƙa. Ya buɗe bayan kwamfutar ya nuna mini cewa ba ta da ramin da NVMe yake shiga, don haka SATA mai inci 2.5 ne kawai zai yi. Ya ƙara da cewa tsohon faifan da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, saboda haka ko SATA ɗin zai nuna bambanci mai yawa. A cikin kabad ɗinsa akwai masu araha da ba a san kamfanoninsu ba, akwai kuma na Samsung da na Crucial. Ya faɗi gaskiya cewa yana ajiye masu arahar ne saboda ɗalibai suna nemansu, amma araha ba ta ado: a cikin irinsu ake samun waɗanda aka rubuta musu girman da ba su kai ba, ko waɗanda aka haɗa da tsofaffin kayan ciki. Na ɗauki Samsung 870 EVO mai gigabait 500. Kafin ya saka shi ya sake kunna manhajar nan a gabana, muka ga bai taɓa aiki ba, kuma lambar da ta fito ta yi daidai da wadda ke jikin kwalin. Duk wanda zai sayi SSD a ko'ina ya nemi a yi masa wannan gwajin, domin ba ya cin minti biyar.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta difirag. Duk wanda ya koyi kwamfuta a makarantun koyon na'ura na shekarun baya an koya masa cewa kula da kwamfuta ya haɗa da difirag, wato tattara gutsattsarin fayiloli wuri guda lokaci zuwa lokaci, kuma har yau akwai shagunan da suke sa wannan a cikin abin da suke kira sabis suna karɓar kuɗi a kansa. Da na tambayi Injiniya sau nawa ya kamata in riƙa yi wa sabon faifan, sai ya ce, "Malam, wannan aikin na tsohon faifai ne. SSD ba ya buƙatarsa, kuma duk wanda ya ce ka kawo a riƙa yi maka shi da kuɗi, ka riƙe kuɗinka." Mutumin da zai iya mayar da ni kwastoman wata-wata ya rufe wa kansa wannan ƙofa, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin shagon ya cancanci a je.

Dalilin maganarsa yana da sauƙin fahimta idan aka san yadda na'urorin biyu suke aiki. A cikin tsohon faifai akwai faranti mai juyawa da wani ɗan hannu mai allura wanda dole ya tafi daidai inda bayani yake kafin ya karanta shi, kuma kowace tafiya tana cin wajen kashi goma cikin dubu na daƙiƙa, ko ma fiye. Idan fayil ɗaya ya tarwatse gida ɗari a sassa daban-daban na farantin, sai allurar ta yi tafiya ɗari. Kamar ɗan dako ne a kasuwar Muda Lawal da aka aika ya kwaso buhunan mutum ɗaya, ya tarar an ajiye kowane buhu a rumfa daban. Idan aka tara masa su wuri guda, aikin yini sai ya koma na awa ɗaya. Amfanin difirag ke nan. Shi kuwa SSD ba shi da faranti, ba shi da allura, babu abin da yake motsi a cikinsa. Ƙwayoyin lantarki ne suke riƙe bayanai, kuma isa ga kowace ƙwaya yana ɗaukar kusan lokaci ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, ko tana farko ko tana ƙarshe. Bugu da ƙari, wurin da Windows take ganin ta ajiye fayil ba shi ne ainihin wurin da yake ba, domin SSD yana da tasa ƙwaƙwalwar da take rarraba rubutu a kan dukkan ƙwayoyin da gangan, don kada wasu su gaji kafin wasu. Manhajar difirag tana iya shafe awanni tana jera fayiloli a taswirar Windows, alhali a cikin SSD ɗin ba a jera komai ba.

Ba rashin amfani kawai ba ne, akwai ɗan hasara. Kowace ƙwaya tana da iyakar yawan rubutu da gogewar da za ta iya ɗauka, kuma difirag ba komai ba ne illa kwashe bayanai a sake rubuta su. Sai dai a nan ma Injiniya bai tsorata ni ba, kuma na yaba masa a kan haka, domin akwai masu kwamfuta da suka koma tsoron ajiye ko hoto ɗaya a kan SSD. Kamfanin Samsung ya ba wa wannan samfurin mai gigabait 500 garantin shekara 5 ko rubutun terabait 300 (terabait ɗaya gigabait dubu ne), duk wanda ya riga cika. Gidan da yake rubuta gigabait 20 kowace rana, wanda ya wuce abin da yawancin gidaje suke yi, zai shafe sama da shekara 40 kafin ya kai wannan adadi. Wata mujallar fasaha ta intanet mai suna The Tech Report ta gwada SSD guda shida daga 2013 zuwa 2015, tana rubutu a kansu dare da rana har suka mutu. Dukkansu sun wuce terabait 700, kuma wanda ya fi daɗewa, Samsung 840 Pro, ya wuce terabait 2,400. Saboda haka difirag sau ɗaya ko biyu ba zai kashe SSD ba. Aiki ne dai da ake biya da lokaci da wuta da lafiyar na'ura ba tare da an sami komai ba.

Abin da SSD yake buƙata a maimakonsa shi ne umarnin da ake kira TRIM. SSD yana rubutu a ƙananan shafuka, amma ba ya iya goge shafi ɗaya shi kaɗai, sai dai ya goge babban rukuni mai ɗauke da shafuka masu yawa gaba ɗaya. Idan mutum ya share fayil, Windows ce ta san an share shi, shi SSD bai sani ba, zai ci gaba da ɗawainiya da matattun bayanai yana kwashe su daga rukuni zuwa rukuni. TRIM shi ne saƙon da Windows take aika masa cewa shafuka kaza ba su da mai su, yana iya goge su idan ya sami sarari. Tun daga Windows 7, wadda ta fito a 2009, ake aika wannan saƙo kai tsaye, kuma daga Windows 8 ta 2012 tsohuwar manhajar difirag ta koma "Optimize Drives", wadda take gane irin faifan da ke cikin kwamfuta ta yi masa abin da ya dace da shi kowane mako. Injiniya ya buɗe ta ya nuna mini cewa ta gane sabon faifan a matsayin SSD, sannan ya rubuta umarnin fsutil behavior query DisableDeleteNotify, amsar ta fito 0, wanda yake nufin TRIM yana aiki. Ya ce in bar jadawalin mako-mako a kunne yadda yake.

A wuri ɗaya bayaninsa bai cika ba. Ya ce Windows ba ta taɓa yi wa SSD difirag ko kaɗan, alhali idan tsarin mayar da kwamfuta baya, wato System Restore, yana kunne, Windows 10 da 11 sukan yi ɗan taƙaitaccen difirag wajen sau ɗaya a wata idan tarwatsewar ta yi yawa. Da gangan aka tsara haka, domin tsarin fayilolin Windows yana da iyakar yawan gutsattsarin da zai iya bibiya ga fayil ɗaya. Wannan bai rushe shawararsa ba, ya ma ƙarfafa ta: Windows ta san lokacin da ya dace, kuma hannun mutum ko wata manhajar waje ba su da abin da za su ƙara. Na kawo shi ne domin kada wani ya ga alamar aikin a kwamfutarsa ya firgita ya kashe jadawalin gaba ɗaya, ya rasa har da TRIM na mako-mako.

Inda shagon ya nuna ya san garin da yake aiki a ciki shi ne maganar wuta da zafi. Ƙwaƙwalwar SSD tana riƙe da taswirar inda kowane bayani yake, kuma idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, fayil zai iya lalacewa, wani lokaci ma taswirar kanta ta rikice har kwamfuta ta daina ganin faifan. A gidajenmu da ake ɗauke wuta ba sanarwa, ana sauyawa daga layi zuwa janareta ko inbata, wannan haɗari ya fi na yawan rubutu nesa ba kusa ba. Laftof mai batiri mai kyau ta tsira daga wannan, amma da yawa daga cikin na hannu batirinsu ya mutu, da an zare waya sai su ɗauke. Injiniya ya gwada batirinmu ya ce ya yi rauni, kuma a ganinsa sauya shi wani ɓangare ne na kula da SSD. Ga masu kwamfutar tebur kuwa, ya ce kada su sa SSD ba tare da UPS ba, wato akwatin batirin da yake riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ko da ƙarami ne wanda zai ba da mintunan da za a ajiye aiki a kashe na'ura yadda ya kamata.

Zafi kuma, yawancin SSD na gida an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan suka doshi iyakar sai su rage gudu da kansu domin su kare kansu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi yake kusantar digiri 40, laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka, aka kuma ɗora ta a kan katifa ko darduma, cikinta yana iya yin zafin da bai kamata ba. Ba tare da na roƙa ba ya busa ƙurar fankar, ya sauya man da ake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma bai ƙara kuɗi a kan wannan ba. Ya kuma ce kada mu bari faifan ya cika maƙil, mu bar masa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a buɗe, domin da wannan sararin yake juya bayanai lokacin gogewa. Finafinai da bidiyon biki su koma faifan waje.

Gargaɗinsa na ƙarshe shi ne wanda nake so kowane mai kwamfuta ya ji. Tsohon faifai kafin ya mutu yakan yi ƙara, yakan yi nauyi, yakan ba da dama a kwashe kaya. SSD yana iya yin aiki lafiya da dare, da safe a tarar kwamfuta ba ta ganinsa. Kuma saboda TRIM, fayil ɗin da aka share bisa kuskure aka kuma zubar da kwandon shara da wuya ya dawo, ko da an kai wa ƙwararru. Don haka takardun makaranta da lissafin kasuwanci da hotunan iyali suna buƙatar kwafi na biyu a wani wuri daban. Bai dace kuma a cika SSD da kaya a jefa a akwati shekara da shekaru ba, domin cajin da ke cikin ƙwayoyinsa yana zurarewa a hankali idan ba ya samun wuta. Ƙa'idar masana'antar ta tanadi cewa SSD na gida da ya cinye adadin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya a zafin digiri 30, kuma ɗakunanmu sukan wuce haka a bazara.

Duk da wannan yabo, akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma biyu daga ciki ba ƙanana ba ne. Na farko shi ne rasit. An rubuta mini shi da hannu, babu lambar faifan, babu kwanan ƙarewar garanti, sai alkawarin baki cewa idan ya sami matsala in dawo. Garantin shekara 5 da ke jikin kwali ba shi da wani amfani ga wanda ba shi da takardar da ta nuna lambar abin da ya saya da ranar da ya saya, don haka sai da na nemi a ƙara su. An ƙara ba tare da gardama ba, amma bai kamata sai kwastoma ya tuna ba. Na biyu ya fi damuna, shi ne sirrin mutane. An kwashe fayilolinmu zuwa faifan waje na shagon, kuma da aka buɗe shi na ga jerin manyan fayiloli masu sunayen wasu kwastomomin da aka gama wa aiki tuntuni. A cikin irin waɗannan akwai hotunan matan aure da takardun banki da na ofis. Na tsaya har aka share namu a gabana, kuma na gaya wa Injiniya cewa wannan amana ce da ya kamata shagon ya sa mata doka. Wanda zai je, ya tafi da nasa faifan waje ko filash mai girma, a kwashe kayansa a ciki.

Akwai kuma saɓani tsakanin maigida da yaransa. Shi ya ce kada a sa manhajojin da suke ikirarin share kwamfuta da ƙara mata gudu, amma yaron da ya ɗora Windows ya zuba mana irinsu har da wadda take da maɓallin difirag a fuskarta, saboda haka ya saba yi wa kowa. Da na nuna, Injiniya ya sa aka cire su nan take, sai dai wanda bai duba ba zai tafi gida da abin da aka hana shi. Shagon kuma ƙarami ne, ƙofarsa tana kallon titi, ana buɗe cikin kwamfutoci a kan teburin da ƙurar babura take sauka a kai. An yi mini alkawarin bayan la'asar, aikin bai kammala ba sai washegari.

Ta fuskar kuɗi, ladan aikin bai yi yawa ba idan aka dubi abin da aka yi, kuma ana iya ciniki a kansa. Farashin SSD ɗin kuwa yana bin dala, kuma tunda daga Kano ko Ikeja ta Legas ake kawo kayan, ya ɗan ɗara na can. Shagon yana karɓar aiki ko da mutum ya zo da nasa SSD, abin da wasu masu gyara ba sa so.

Sakamakon aikin a bayyane yake. Kwamfutar da take cin mintuna kafin ta tashi yanzu ba ta kai rabin minti, manhajar gwajin jarrabawa tana buɗewa nan da nan, ƙarar faifan ta ɓace, kuma ƙasanta ba ya zafi kamar da. Injiniya bai ɓoye mini iyakar abin da SSD zai iya ba: Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma furosesa wanda, idan na Intel ne, ya zama daga zubi na 8 zuwa sama, wanda tamu ba ta kai ba. Sabon faifai ba ya sauya wannan. Idan lokacin sauya kwamfutar ya zo, za a iya zare SSD ɗin a mayar da shi wata, kuma idan sabuwar siririya ce da ba ta da gurbin faifai mai inci 2.5, ana sa shi a cikin ɗan akwatin USB ya zama faifan waje na ajiye kwafin fayiloli, muddin ana jona shi da kwamfuta lokaci zuwa lokaci.